Tukkun Foitong

Ke ce, Khun Orawan. Ke kika sa aka aske wa karena tukku, ke kika mai da ni maƙaryaciya a gaban Uwar Itace, kuma har yau ba ki taka ƙafarki kin je kin faɗa da bakinki ba. Kada ki ce min yarinyarki ce. Kada ki ce min ba ki ji ba. Kunnuwa biyu gare ki, kowanne da ɗan kunnensa na zinariya, kuma a gabansu na tsaya na yi magana.

Ni ce Lamiat, mai gasa ayaba a bakin kasuwar Chainat. Kowa Yai yake ce min, wato kaka, don na girmi iyayen yawancin masu sayen ayabata. Ban yi makaranta ba, ban iya dogon zance mai lanƙwasa ba. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi, wanda ransa ya ɓaci ya sha ruwa.

Shekarar da ambaliya ta kai mana har taga, ita ce shekarar da tsohona, mai gidana, ya rasu. A cikin ruwan nan na hango robar wanki tana yawo, da wani abu a ciki yana kuka kamar ɓera. Na jawo ta da sanda. Ɗan kwikwiyo ne, gashinsa kalar kwaiduwa, siri-siri kamar alewar zaren ƙwai da ake yi ranar biki. Sunan alewar na sa masa, Foitong. Tun daga ranar a kan ƙafata yake kwana, kuma da shi nake hira, tunda 'yata Wanpen tana Bangkok, sai dai murya a waya.

Bai daɗe a hannuna ba ya kwanta ciwo. Amai, gudawa har da jini. Likitan dabbobi ya yi allura, ya yi ƙarin ruwa, daga baya ya ce, "Yai, ki kai shi gida ya huta." Na san abin da likita ke nufi in ya ce haka. Ban kai shi gida ba. Na naɗe shi a zanena na wuce bakin kogi, wurin babban itacen da Uwar Itace take zaune a ciki, wanda aka ɗaure da ƙyallaye kala-kala, rigunan da mutane suka kawo mata suna rataye a gefe. Na durƙusa na kunna turaren tsinke na ce, "Uwa, kin ga an ɗauke min tsoho, ban ce komai ba. Wannan ki bar min shi. Zan bar masa tukku kamar yaro. Almakashi ba zai taɓa shi ba sai bikin watsa ruwa na uku, ranar in kawo shi nan, in yanke da hannuna a gabanki, in sa a ganyen bado in sake wa kogi."

Ba ni na ƙirƙiro ba. Haka uwata ta yi min da nake ƙarama ina yawan ciwo, haka aka yi wa rabin tsofaffin garin nan. Yaro mai laulayi a bar masa tukku, sai ranar da aka yi alkawari. In an yi wa yaro, me zai hana a yi wa wanda yake min abin da yaro bai yi min ba?

Washegari Foitong ya ɗaga kai ya lashi romo. Uwa ta cika nata. Ni kuma na riƙe nawa. Kullum da safe sai na taje gashin tsakiyar kansa, na kitse, na ɗaure da jan zaren da na kwance daga jikin itacen. Ya yi tsawo har yana faɗo masa gefen kunne. Lung Chamnan, wato Kawu Chamnan, mai sayar da kofi a kusa da murhuna, shi ne kuma mai share gindin itacen, ba ya gajiya da tsokana.

"Yai, yaushe za a sa jikan naki a makaranta? Na ga ya isa."

"Ranar da kai ka gama taka, tsohon banza. Da kofinka kamar ruwan wankin tukunya."

Ana dariya, amma ba wanda ya taɓa kai hannu kan tukkun nan. Kowa a kasuwa ya san na mene ne. Biki biyu sun wuce, na uku ne wannan da ke tafe. Har na sayi rigar da zan kai wa Uwa, kore mai zare-zaren azurfa, tana nan a leda ban buɗe ba.

Da ni nake yi masa wanka a bayan gida. Amma yatsuna sun fara ƙagewa, ba na iya riƙe abin yankan farce, faratansa suka yi tsawo suka lanƙwashe har ɗaya ya fara shiga nama, ga kaska a kunne. Wanpen ta matsa min a waya. "Mama, ki kai shi sabon shagon nan na wankan karnuka mana. Na riga na yi musu magana." Na ce to. Ko ranar Laraba ban kai shi ba, don kowa ya san ba a kusantar aski ranar Laraba, ko da wanka kawai za a yi. Alhamis na je.

Shagonki sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, ƙamshi kamar an fasa kwalbar turare. Kika haɗa tafuka kika gaishe ni, ban ce ba ki gaishe ni ba. Murmushi har kunne. Na ɗora Foitong a kan kantar shagon na ce:

"Wanka, farce, kaska. Shi ke nan. Kin ga wannan?" Na kama tukkun na ɗaga miki shi har gaban hancinki. "Wannan ba a taɓa shi. Na bakance ne. Na Uwar Itace ne, ba nawa ba."

Kika ce, "To, Yai."

"Ko jiƙa shi aka yi, a bar min shi a ɗaure yadda yake."

"To, Yai. Kai, amma yaron nan kyakkyawa ne!" Kika juyo min da fuskar wayarki, kina ja da yatsa, karnuka na wucewa, wani kamar zaki, wani kamar tunkiya, wani kai zagaye kamar 'yar tsana. "Wanne Yai take so?"

"Babu. Ba aski na kawo shi ba. Kin ji abin da na ce?"

"To, na ji, Yai."

"Me na ce?"

Kika yi dariya, wayar ta yi ƙara, kika ɗauka. Kina magana da wani a kan abincin kyanwa kika tura Foitong ta wata 'yar ƙofa a bango, wasu hannuwa biyu masu safar roba suka karɓe shi. Fuska ban gani ba. Na ce, "Tsaya, wa ke ciki? Bari in yi magana da mai riƙe almakashin." Na nufi ƙofar, kika tare ni da hannu ɗaya, waya a kunne.

"Ba a shiga, Yai, dokar shago ce. Ni zan faɗa mata. Yai ta je ta huta."

Na fita. Mace mai shago, mai karatu, ta ce min to sau uku. In mutum ya ce min zai ba ni gawayi gobe, ba na bin sa gida in ga ko yana da shi.

Da rana ta karkata na rufe murhu na dawo. Kika fito da wani abu a hannu, kina rangaji, kina cewa, "Yai, rufe ido, rufe ido!" Ban rufe ba. Na ga kare mai kai zagaye kamar ƙwallo, an ɗaura masa ƙyallen wuya mai ɗigo-ɗigo, yana warin furen roba. Na ce, "Ina nawa?" Sai abin ya yi kuka. Da kukan na gane shi.

Na shafa tsakiyar kansa. Sumul.

"Ina tukkun?"

"Ai ya cukurkuɗe ne, Yai, ƙasansa duk ya dunƙule. Ga shi yanzu iska na shiga. Duba idonsa yadda ya fito!"

"Ya cukurkuɗe? Gashin da nake tajewa kullum kafin in wanke fuskata? Na ce ina yake!"

"Yai, a yi a hankali, akwai mutane."

Da mutane kuwa. Wata mai farar kyanwa a kwando, da wani saurayi da budurwarsa. Duk suka sunkuyar da kai kamar ni ce na yi abin kunya. A garin nan kana iya yanka mutum, in dai da murmushi ka yi, kai ne mai tarbiyya. Wanda ya yi ihu don zafin wuƙa shi ne mara kunya. To na yi ihun. Na ce a kawo min gashin ko a ƙasa yake, in tsince da hannuna. Kika ce injin shara ya zuƙe, an juye a bola, motar shara ta wuce. Sannan kika faɗi maganar da har in mutu ba zan manta ba.

"Gashi ne fa, Yai. Zai tsiro. Ki sanyaya zuciya."

Zai tsiro! Wanda zai tsiro ba shi na yi alkawari da shi ba. Wancan ne ya fito lokacin da yake tsakanin rai da mutuwa, wancan Uwa ta sani. In kin yi wa mutum alkawarin 'yarki, ranar biki sai ki kai masa wata ki ce ai duk mace ce?

Na cire ƙyallen wuyan na jefa miki a kanta na ɗauki karena.

A gida Foitong ya shige ƙarƙashin gado ya ƙi fitowa. Na sa masa shinkafa da hanta, ya kau da kai. Na gasa masa kaza, ni da ban saya wa kaina kaza ba, ya shinshina ya koma. Ruwa kawai. Na kai shi wurin likita, ya duba ya ce ba zazzaɓi, wai wasu karnukan haka suke yi in an canza musu kama, su yi fushi, zai ware. Na ce masa na gode. Shi ya san abin da ke cikin littafinsa, ni na san abin da na faɗa a gindin itace. Haƙarƙarinsa ya fara fitowa, ina ji a tafin hannuna.

Na je wurin Uwa. Na durƙusa, amma na kasa ɗaga fuska. Me zan ce? Lung Chamnan yana shara, ya jingine tsintsiya. Ranar bai tsokane ni ba.

Ya ce, "Ba ke kika yanke ba. Uwa ba makauniya ba ce. Amma ba a gyara irin wannan daga nesa. Wanda ya yi ɓarnar shi zai zo da fure da kyandir da turare, ya durƙusa ya faɗi sunansa, ya ce ni ne, ba ita ba, a yafe. Sannan ki ɗaura sabon alkawari. Haka ake yi tun ina yaro."

Abin da na je na gaya miki ke nan, Khun Orawan, kuma a hankali na faɗa, har na haɗa miki tafuka, ni da na girmi uwarki. Ban ce ki biya ni komai ba. Na ce ki zo bakin kogi, tafiyar da ba ta kai a kunna babur ba. Kika ce ayyuka sun yi yawa, za ki duba. Kashegari sai ga ɗan aike da kwando an naɗe da leda mai ƙyalli, da lemo da biskit da abincin kare na gwangwani, wai kuma an ba Foitong wanka kyauta. Wanka! A wurinki! Na ce wa ɗan aiken ya mayar, ya ce shi ba a aike shi da mayarwa ba. Na ɗora kwandon a kai na bi ta tsakiyar kasuwa kowa na gani, na dire miki a ƙofa.

Kika leƙo kika ce, "Yai, na riga na yi wa yarinyar faɗa. Sabuwa ce, ba ta ji. Kuskurenta ne."

To, na ce bari in ga mai kuskuren. Na zagaya ta lungun bayan shago, inda bututun injin sanyi ke ɗigar da ruwa, na zauna a kan bulo har lokacin cin abinci. Sai ga ta ta fito, wata siririya mai gashin kare a duk rigarta, da tabon cizo a hannu, tana buɗe ledar taliya.

"Ke ce mai almakashin?"

Ta kusa zubar da taliyar. "Ni ce, Yai. Jiap."

"Jiap. A garinku ba a haifi yara masu tukku ba? Ko daga cikin kwali aka fito da ke?"

"An haifa, Yai."

"Kin ga jan zare a kan kare, a kitse, kika sa almakashi. Idonki na ado ne?"

Ta ajiye ledar. Na zaci kuka za ta yi, sai ta tsaya min. "Yai, ki zage ni, hannuna ne. Amma ni ba wanda ya ce min komai. Kare nake karɓa ta ƙofar nan, sai a turo min hoto a waya a ce yi wannan. Ban san mai shi ba, ban san muryarsa ba. Zare kuwa, rabin karnukan tsofaffi da zare ko ribom suke zuwa. Na ɗan tsaya dai, na leƙa na ce, Khun, a bar wannan? Ta ce, tsohuwa ce, ba ta san kyau ba, yi masa askin 'yar tsana, in ta gani sai ta fi kowa murna."

"Haka ta ce?"

"Haka ta ce."

"Ke kuma ba ki da ƙafa? Ba za ki fito ki tambayi mai kare ba? Ina nan bakin kasuwa, hayaƙina har shagonku yake zuwa."

"An hana mu magana da masu kawo dabba. Wai kada mu saba da su, su riƙa kiranmu gida muna yi musu, shago ya rasa."

Kin ji dokar taki. Ba don tsafta ba ce, ba don kada kare ya firgita ba. Don kada mai kare da mai almakashi su san juna. Kin gina bango tsakanin bakina da hannunta, kika tsaya a tsakiya kika ce ke ce ƙofa. Maganata ta shiga ta kunnenki, kika tace, kika zubar da abin da bai yi miki ba.

Ban sassauta wa Jiap ba. Na ce mata, "Tsoron uwar ɗakinki ya fi miki tsoron abin da ba ki sani ba. Gobe in aka ce ki yanke kunne sai ki yanke?" Na gaya mata yadda aka yi tukkun, da robar wanki, da romo, da cewa ya daina cin abinci. Ta rufe baki da hannu. Ta ce ƙanenta ma an bar masa, uwarsu ko taje shi ba ta bari wani ya yi.

"To kin san abin da ya kamace ki."

Ta zo. Ranar hutunta, da sassafe, da sarƙar fure da kyandir da turare da ta saya da kanta. Ta durƙusa a gindin itace, gwiwa a kan saiwa, ta faɗi sunanta da na garinsu, ta ce, "Uwa, hannuna ne ya yanke. Yai ba ta karya alkawari ba. Ban tambaya ba, ya kamata in tambaya." Lung Chamnan ya tsaya a gefe ya cire hula. Ina riƙe da Foitong a zane. Da ta gama ta juyo ta haɗa masa tafuka, shi ma ta ba shi haƙuri, ta ciro tsinken naman kaza a jaka. Ya daɗe yana kallonta. Ya karɓi yanka ɗaya. Na biyu ya kau da kai.

Lung ya ce, "To, ya ci! Shi ke nan, Yai, magana ta ƙare. A je a sha kofi, ni zan ba da."

Na ce, "Yanka ɗaya ya ci. Rabi aka biya, rabi ya karɓa. Hannu ya zo. Ina kunnen da ya ji? Ina bakin da ya ce a yanke?"

"Yai, mai shago ba za ta durƙusa a ƙasa gaban 'yan kasuwa ba. Kin san irinsu. Fuskarta za ta zube."

"Tawa da ta zube a gaban Uwa, ta kwali ce?"

Wanpen ma ta bugo. "Mama, an ce kina ta rigima a gari. Har a waya an sa ki. Ki bari haka, kina ba ni kunya." Na ce mata, "Ke da kika aike ni can, ki yi min shiru. Kunyarki tana Bangkok, karena yana ƙarƙashin gado."

Da a nan kika tsaya, Khun Orawan, wataƙila da tsufa ya sa na gaji. Amma sai kika ƙara biyu. Kika ji Jiap ta je bakin kogi, kika sallame ta, wai ta tona asirin shago, ta sa mutane za su ce kun amsa laifi. Yarinyar da ta wanke miki rabin ƙazantarki ita kika kora. Na biyu kuma, na zo wucewa da safe da kwandon ayaba, na ɗaga kai, sai ga Foitong a jikin gilashin shagonki. Hotonsa, ya fi ni tsawo, kai zagaye, da ƙyallen ɗigo-ɗigon nan. Na tambayi wata 'yar makaranta me aka rubuta a ƙasa, ta ce wai sabon salo ne, a zo a gwada. Kuma gilashin nan kogi yake kallo. Duk wanda zai je gaida Uwa sai ya bi ta gabansa. Kin yanke abin da ba naki ba, kin zubar a bola, sannan kin rataye shaidar a fuskar mai shi kina talla.

Ranar ban kai murhuna bakin kasuwa ba. Na turo shi har gaban shagonki, gefen titi, inda ba naki ba ne ba na kowa ba. Na hura gawayi. Ayaba in ta fara gasuwa tana da hayaƙi, ni ba ni na halicce ta haka ba, kuma ba ni na ce iska ta riƙa kaɗawa wajen ƙofarki ba. Lung Chamnan ya yi ta mita wai na raba shi da masu saye, don mai cin ayaba shi ke shan kofi. Kafin azahar sai ga shi ya turo kekensa ya kafa kusa da ni.

"Ba don ke na zo ba. Inuwar nan ta fi."

"Wa ya tambaye ka?"

Duk wanda ya zo da kare ko kyanwa sai na tare shi. Ba na zagi, ba na hana kowa shiga. Cewa nake, "'Yata, tsaya. Wa zai taɓa miki shi? Kin ga fuskarta? To ki ce sai kin gani. Ki gaya mata da bakinki abin da kike so, ki ɗora hannunta a kan inda ba ki so a taɓa, ki sa ta maimaita miki. In an ce miki to, ki ce to me? In an ce ba a shiga, ki ce a fito." Mai farar kyanwar nan da ta sunkuyar da kai ranar farko, ita ma na tare ta. Ta shiga, na ji ta ta gilashi tana cewa a kira mata mai wankan. Kika ce doka. Ta fito da kwandonta ta tambaye ni inda Jiap take. Na gaya mata. Jiap tana ƙarƙashin gidana yanzu, tsakanin ginshiƙan katakon da ke ɗauke da shi, da baho da almakashi, kuma ba ta taɓa dabba sai mai ita ya zauna sun yi magana. Abin da kika gina bango don gudunsa, ke kika jawo shi da hannunki.

Kika kira min jami'in kula da titi. Ya zo da hularsa, ya haɗa tafuka ya ce, "Yai, an kawo ƙara." Na ce, "Madalla, dama mai jin ƙara nake nema." Na ba shi kujera, na ba shi labari tun daga robar wanki. Ya dubi hoton, ya dubi murhu, ya ce in matsa baya kaɗan daga bakin kwalta. Na matsa taku ɗaya. Ya sayi ayaba ya tafi.

Jiya kika fito da kanki, ba murmushi. Karo na farko da na ga fuskarki ta gaskiya, kuma ta fi min waccan.

"Yai, me kike so ne wai? Ki faɗi ko nawa ne."

"Kin ga har yanzu ba ki ji. Na faɗa miki a kanta, na faɗa miki a ƙofa, yanzu ga shi a titi."

"Ni ban yarda da waɗannan abubuwan ba."

"Ƙarya kike. Wa ke sa jan lemo a ɗan ɗakin iskokin da ke gefen shagonki kullum da safe? Naki iskokin na gaske ne don suna kawo miki ciniki, tawa Uwar ce ta tsofaffi marasa sanin kyau? Kuma ko ba ki yarda ba, wa ya ce sai kin yarda? Na ce kar a taɓa. Kare nawa ne. Kika ce to."

Kika juya kika shige, kika ja ƙofa.

To ki ji daga nan, don muryata na ratsa gilashi. Bikin watsa ruwa ya kusa, yara har sun fara sayen bindigogin roba. Foitong yana cin loma biyu ya bari, har yanzu ƙarƙashin gado yake kwana, ba a kan ƙafata ba. Rigar Uwa tana leda. Ganyen bado yana kogi, ba ni da abin da zan sa a ciki. Ranar nan zan je gindin itace da karena, kuma ba zan tsaya ni kaɗai kamar wadda ta ci alkawari ba.

Ki sauke hoton nan. Ki nemi Jiap ki gaya mata a gaban mutane cewa ke kika sa ta, ba ita ta yi ƙarya ba. Sannan ki sayi fure da kyandir da turare da hannunki, ba ɗan aike ba, ki zo ki sa gwiwar nan taki mai tsada a kan saiwa, ki faɗi sunanki, ki ce na ji abin da tsohuwa ta ce, ni na ce a yanke. Gawayi ina da buhu, ayaba ba ta ƙarewa a Chainat, kuma ni ba inda za ni. Kin ce min to sau uku, Khun Orawan. Fito ki gaya min, ki gaya wa Uwa, to ɗin me kika ce?